An cire wa ƙanena wani yanki na ƙoƙon kai: shin dole ne a mayar, kuma da me ya kamata a rufe wurin?

Ƴar Bagalam ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin likita, da waɗanda irin wannan jarrabawa ta taɓa shiga gidansu. Ƙanena ɗan shekara 26 ne, kabu-kabu yake yi, kuma watanni huɗu da suka wuce mota ta buge shi da magariba a kan hanyar Ɗan Isa, ba hular kwano a kansa. Da aka ɗauki hoton kan, aka ce jini ya taru a ƙarƙashin ƙashi kuma ƙwaƙwalwar tana kumbura, sai aka tura mu Yamai da motar asibiti. Likitan da ya yi masa aiki ya cire wani yanki na ƙoƙon kansa ta ɓangaren dama, wanda faɗinsa ya fi tafin hannuna, sannan ya tsaga fatar cikinsa ya ajiye ƙashin a can. Ya yi kwana 11 bai san wanda ke kansa ba, daga baya Allah Ya tashi kafaɗunsa, muka dawo Maraɗi.

Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci, yana gane kowa, sai dai mantuwa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne a makonnin nan wurin ya lotsa kamar kwanon da aka taka. Da asuba idan ya tashi daga barci wurin yakan kusa daidaita, amma kafin la'asar ya zurma har ƙwai zai iya zama a ciki, kuma ana ganin fatar tana bugawa kamar maɗigar jariri. A irin wannan lokaci yake kukan ciwon kai da jiri, harshensa ya yi nauyi, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu, amma idan ya kwanta na rabin awa sai ya ji dama.

Likitan ya ba mu wata mai zuwa domin a rufe wurin, ya ce ko da ƙashinsa na cikin ciki, ko da wani siminti na asibiti, ko da ragar ƙarfe. Baffanmu ya ƙi, yana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, wanda Allah Ya tsamo daga bakin kabari ba a sake miƙa kansa ga wuƙa don a gyara masa kamanni. Mahaifiyarmu kuma tsoronta ƙarfe, wai ranar Maraɗi za ta gasa masa ƙwaƙwalwa. Shin wannan aiki na biyu dole ne? Idan dole ne, wanne ya fi a cikin ukun?

Tsohon majo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƴata. Sannunku da jinya, Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Ni ba likita ba ne, majo ne da ya yi shekaru yana miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin fiɗa kafin ya ajiye aiki, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne kawai, hukunci kuwa na wanda ya buɗe kan ne, domin shi ya ga abin da ke ciki.

Ƙoƙon kan baligi kamar tukunyar ƙarfe ce da aka liƙe bakinta. A ciki akwai ƙwaƙwalwa da jini da wani ruwa da ƙwaƙwalwar ke kwance a cikinsa, kuma babu ragowar fili. Idan ƙafa ta bugu tana da inda za ta kumbura, amma ƙwaƙwalwa ba ta da shi, sai ta matse jijiyoyin da ke kawo mata jini, ta danna ƙasa wajen da ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Shi ya sa likita ke buɗe mata taga babba, ya tsaga tantanin da ke lulluɓe da ita, ya ɗinke fata kaɗai a kai. Ƙashin da aka cire kuma, ko dai a sa shi a wani firji na musamman mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wanda ba a so wuta ta yanke masa, ko a ajiye shi ƙarƙashin fatar cikin mai shi. A ƙasa irin tamu hanya ta biyu tana da hikima, domin majinyaci yana yawo da kayansa duk inda ya je, ba a ce firji ya lalace ko an rikita nasa da na wani.

Abin da kika siffanta na lotsawa da yamma da samun sauƙi bayan kwanciya sanannen abu ne, tun a shekarar 1939 wasu likitoci biyu na Amurka, Grant da Norcross, suka rubuta a kansa. Bayan kumburi ya saɓe, tagar da ta ceci ransa ita ce ke zama matsala. Iskar da muke zaune a cikinta tana da nauyi, ƙashi ne ke tare wa ƙwaƙwalwa wannan nauyi, to yanzu fata ce kawai a tsakaninsu. Idan ya daɗe a zaune ko a tsaye, ruwan kai yana gangarawa wajen lakar gadon baya, fatar ta bi shi ciki, jinin da ke zagayawa a wurin ya ragu, kuma da yake ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke juya hagun jiki, shi ya sa kofin ke faɗuwa daga hannun hagu. Zafi da ƙishirwa da gudawa suna ƙara tsananta abin. Don haka ki gaya wa Baffanku cikin ladabi cewa ba kwalliya za a yi ba, magani ne, kuma na ga mutanen da hannunsu da maganarsu suka gyaru cikin kwanaki kaɗan bayan an mayar musu da murfin, ko da yake ba kowa ke samun haka ba. Shawarata ita ce kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kira likitan gobe ku faɗa masa waɗannan alamu kamar yadda kika rubuta su a nan. Idan kuwa kuka ga barci ya yi masa yawa har ba ya tasuwa da sauƙi, ko yana amai, ko yana sambatu, ku kwantar da shi rigingine ba matashi, ku kai shi asibiti a lokacin.

Batun abin rufewa kuwa, ni a ra'ayina idan ƙashinsa yana nan lafiya babu kamarsa, domin shi aka yanka daga wurin, zai zauna daidai, jiki ya san shi, kuma ba saye za ku yi ba. Ana ɗaure shi da ƴan ƙananan faranti da kusoshi na wani ƙarfe da ake kira titaniyom, ko da zare mai ƙarfi inda babu su. Sai dai jiki yana cin ƙashin da ke cikin ciki a hankali, gefensa yana zaizayewa, wannan ma wani dalili ne na rashin jan lokaci.

Simintin kuma ba irin na gini ba ne, dangin robar da ake yin haƙoran roba da ita ne, kuma tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ake rufe kai da shi. Gari ne da ruwa, mu muke kwaɓawa a ƙaramin kwano, warinsa ya cika ɗaki har ta cikin takunkumi. Idan ya yi kauri kamar kwaɓin fulawa sai likita ya shimfiɗa shi ya siffanta shi da yatsunsa, yana duban ɗaya gefen kan don su yi daidai, kuma cikin kamar minti goma ya daskare. Lokacin daskarewar yana ɗaukar zafin da hannu ba ya jurewa, saboda haka ake ta kwarara masa ruwan gishiri mai sanyi, ko a ɗaga shi daga kan har ya huce, don kada ya ƙona abin da ke ƙasa. Yana da araha, yana da ƙarfi, amma kyan siffarsa ya dogara ga hannun likita, kuma bugu mai tsanani yana iya tsaga shi. Ragar titaniyom ta fi su tsada, ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, sai dai idan fatar kan ta yi siriri, wani lokaci ragar takan ci fatar ta leƙo waje.

Mahaifin yaro daga Tibiri ya amsa:

Ƴar'uwa, ya mai jiki? Allah Ya sa kaffara ne. Duk abin da Baba majo ya faɗa gaskiya ne, amma ina so in ƙara wani abu a kan maganar ƙashin mutum na kansa, domin mu mun bi wannan hanya kuma ba ta ɓulle da mu ba a karon farko.

Ɗana yana da shekara 8 katangar laka ta faɗo masa da damina. An cire masa ƙashi, ƙashin kuma ya fito gida uku saboda ya riga ya farfashe, aka haɗa aka ajiye, bayan wata uku aka mayar. Muka yi murna, muka yi sadaka, yaro ya koma makaranta. Bayan kamar shekara guda mahaifiyarsa tana wanke masa kai ta kira ni ta ce in taɓa. Na sa yatsa a bayan kunnensa na ji wurin yana lotsawa kamar gwanda da ta nuna, ga wani ɗan ƙarfe yana motsi a ƙarƙashin fata. Yaron ba ya jin ciwo, ba masassara, ba ƙurji. Da aka ɗauki hoto, likitan ya ɗaga shi a haske ya nuna mini, ƙashin ya yi huji-huji kamar tabarmar da gara ta ci. Ya bayyana mini cewa ƙashin da aka raba da jijiyoyinsa ba ya komawa da cikakken rai, jiki ne ke bin sa yana rushe tsohon yana gina sabo, to idan rushewa ta fi gini sauri sai ya narke, kuma hakan ya fi samun yara da matasa, da wanda ƙashinsa ya fito a farfashe. Aka sake shiga da shi aka rufe da siminti, yau shekara huɗu ke nan ba mu ga komai ba, alhamdu lillahi.

Ban faɗi haka don ki guji ƙashinsa ba, ƙanenki babba ne, ba kamar yaro ba. Abin da nake so shi ne ku tambayi likitan ko ƙashin ya fito guda ɗaya ne, ko ya taɓa ƙasa da datti a wurin hatsarin, da kuma abin da zai yi idan ya buɗe cikin ya tarar ƙashin ya ragu. Gara a tanadi simintin tun kafin a shiga ɗakin aiki. Tafiyar Yamai ta fi kilomita 600, wanda ya bi ta Madawa da Ƙonni da Dogondutsi da Doso da marar lafiya a kan cinyarsa ya san ba tafiyar da ake so a maimaita ba ce, mu sau uku muka yi ta, kuma ta ƙarshe sai da na sayar da sa.

Likita mai neman ƙwarewa ya amsa:

Yaya, sannu da ɗawainiya. Baba majo ya rage mini aiki, kuma na goyi bayansa ƙwarai a kan kiran likitan ba tare da jiran wata mai zuwa ba.

A kan maganar Baffa, akwai abin da ya kamata iyali su sani don kada a ga kamar likitoci sun lalata masa kai ne suna neman gyara kuskurensu. Wani babban bincike da likitocin Kambirij ta Ingila suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2016, ya bi majinyata 408 da matsin cikin kansu ya ƙi sauka da magani bayan rauni. Bayan wata shida, kusan 27 cikin 100 na waɗanda aka cire wa ƙashi ne suka rasu, alhali a cikin waɗanda aka ci gaba da ba su magani kusan 49 cikin 100 ne. Binciken ya kuma nuna cewa da yawa daga waɗanda suka tsira sun rayu da naƙasa mai nauyi, saboda haka wanda ya tashi yana tafiya yana gane mutane kamar ƙanenki yana cikin waɗanda suka yi sa'a, kuma tun ranar farko an san cewa aikin hawa biyu ne.

Lokacin rufewa ba lissafin kalanda ba ne kawai. Ana duba ko kumburi ya sauka, ko ɗinkin fata ya warke sarai, ko babu wata cuta a jiki, ko ruwa bai taru a kogunan ƙwaƙwalwa ba. Yawanci ana yi tsakanin makonni shida zuwa wata shida, amma idan wurin ya taɓa yin mugunya akan jira fiye da haka. Ba zan ɓoye miki ba, tsoron Baffa yana da tushe: ko da yake ba a yanka ƙwaƙwalwar kanta, sai an ɓamɓare fata daga tantanin da ta manne masa, kuma wannan aiki yana cikin waɗanda matsalolinsu ba su da ƙaranci idan aka gwada da sauran ayyukan kai da ake tsarawa tun da wuri. Jini yana iya taruwa a ƙarƙashin murfin, farfaɗiya tana iya tasowa, kuma mafi ban haushi shi ne ƙwayar cuta ta kama abin da aka dasa, domin a nan sau da yawa sai an cire shi, a sha magani na makonni, a sake jira. Abin da ke hannunku shi ne idan yana shan taba ya daina tun yanzu, a ciyar da shi abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da nono, kuma a nuna wa likita duk wani ƙurji ko kirci da ke fatar kansa kafin ranar aiki.

A kwantar wa Inna da hankali game da rana. Titaniyom ba ya ɗaukar zafi da sauri kamar dalma ko tagulla, kuma yana ƙarƙashin fata mai jini yana gudana, wadda ke daidaita ɗumin wurin. Wasu majinyata sukan ce suna jin wurin ya yi ɗumi a rana ko ya yi sanyi da hunturu, maganin wannan hula ce ko rawani. Maganaɗisu ba ya jan sa, don haka ba ya hana shiga na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai maganaɗisu, kuma ba ya jawo aradu kamar yadda na taɓa ji ana faɗa.

Akwai hanya ta huɗu da wataƙila za ku ji an ambata. Daga hoton sikana, wato hoton cikin kai da ake ɗauka a asibiti, kwamfuta tana iya kwafo siffar gefen da ke lafiya ta juya ta, a ƙera murfi daidai ramin, ko da titaniyom ko da wata roba mai ƙarfi da ake kira PEEK, amma irin wannan daga waje ake odarsa, da tsada da jira. Wasu likitoci sun samo tsaka-tsaki, suna buga mazubi da injin nan mai ƙera abu daga zane, sannan su zuba siminti a ciki, sai a samu siffa mai kyau da kuɗi kaɗan. Ba laifi ku tambaya ko ana yin haka a inda za ku je. Kowanne aka zaɓa, ku sa rai cewa gefen goshinsa zai ɗan faɗa, domin naman da muke tauna da shi a nan yake, an ɗaga shi sau biyu, yakan rame, kuma zai ji ciwo wajen buɗe baki na wasu makonni.

Bayan aiki akan bar ɗan bututu na kwana ɗaya ko biyu yana janye jini, a cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Idan kun dawo gida, masassara, jan wurin ɗinki, kumburi mai zafi, ko wani ruwa da ke tsattsafowa ko da garau yake kamar hawaye, duk dalilai ne na komawa asibiti a ranar. Idan kuma yana kan maganin farfaɗiya, irin su Gardénal ko Tégrétol ko Dépakine, kada a yanke masa rana ɗaya don an ga ya warware, yankewar farat ɗaya ita kanta tana tayar da ciwon.

Ƴar Bagalam ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na kira likitan na karanta masa alamun, ya ce mu ɗauki sabon hoto a nan Maraɗi mu aika masa, kuma ya matso da ranar zuwa mako na sama. Ya tabbatar ƙashin guda ɗaya ya fito, amma zai tanadi siminti. Na karanta wa Baffa amsar Baba majo, ya yi shiru, daga baya ya ce a yi abin da ya dace, shi zai raka mu. Saura tambayoyin shi majinyacin: yana so ya san ko zai iya yin sujada, ko wanzami zai iya yi masa aski kafin mu tafi, da kuma yaushe zai koma kan babur.

Mai gashin ƙashi ta amsa:

Ƴar'uwa, barka da wannan labari. Kafin a rufe wurin, ya yi sallarsa a zaune da nuni, malamai sun yi wa marar lafiya wannan rangwame, domin dogon sunkuyo da saurin ɗagowa suna kawo jiri, kuma faɗuwa ita ce abin da muka fi tsoro ga wanda ƙwaƙwalwarsa fata ce kaɗai ta rufe ta. Bayan aiki ma sai ɗinki ya warke likita ya ba da izini. Aska kada ta kusanci kan, ɗan ƙwarzane ɗaya yana iya sa a ɗage aikin, a bar ma'aikatan asibiti su rage gashin da injinsu a ranar. Haka nan ƙaho da tsaga da shafe-shafen gargajiya, ko man shanu ne, a nisanta su da wurin.

A hanya ya zauna a tsakiyar mota, gefen dama nesa da taga, da hular kwano mai faɗi wadda ba ta danna ramin, ku riƙa ba shi ruwa, kuma duk inda aka tsaya ya samu ya miƙe na ɗan lokaci. Babur kuwa ku cire masa shi daga rai na watanni masu yawa, ba don murfin ba kawai, sai don mantuwa da jinkirin hannu da yiwuwar farfaɗiya, kuma ba shi kaɗai ke hawa ba, da fasinja a bayansa. Likitan ne zai faɗi lokacin, bayan ya gwada shi.

Hannun hagun kada a jira aiki kafin a fara motsa shi. Da safe, lokacin da kansa ya fi sakewa, ki ajiye masa kwano biyu a kan tabarma, ɗaya da gyaɗa ɓararriya, ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya da babban yatsa da manuni yana zubawa a ɗayan, ki ƙirga nawa ya kwashe cikin minti biyu ki rubuta a littafi tare da kwanan wata. Ki maimaita da la'asar. Ku tafi da littafin Yamai ku nuna wa likitan bambancin safe da yamma, kuma ku ci gaba da ƙirgar daga kwana na uku bayan an rufe wurin.